Rogon da Ban Ɗanɗana Ba

Ku da kuke wucewa ta bakin hanyar Boɗinga kuna ganina zaune gaban kaskon wuta, na san abin da kuke faɗi. Kuna cewa tsohuwa ta samu wurin hutawa. A ɗora masara bisa raga, a kaɗa mafici, a juya, a sauke, shi ke nan. Ranar nan ɗaya cikin jikokina ta nuna mini wata mata a wayarta, ta jera tattasai da albasa bisa ƙarfe mai sheƙi, tana murmushi, ko gumi babu a goshinta. Ta ce, "Inna, sana'arki ta koma ta 'yan gayu. Ko ni in na so, gobe sai in fara." Na ce mata to. Ku zauna dai ku ji, ita da ku duka. Na haura shekara arba'in gaban wutar nan, kuma har yau ban saba da ita sabon da zan juya mata baya ba.

Wurin Gwaggo Tumba na koya, ƙanwar mahaifina, a Sifawa. Damina guda cur ba ta bar ni na taɓa masara ba. Gawayi kawai ta ba ni. In zube buhu a ƙasa, in ware na kirya da na marke gefe guda, masu nauyi, waɗanda in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Na dogon yaro in ware shi daban, don shi tartsatsi gare shi, kuma hayaƙinsa yana shiga abinci ya bar ɗaci. Daga nan ta koya mini auna wuta da bayan hannu. Ki miƙa hannu bisa raga, ki yi salati guda. In kin kai ƙarshe ba ki janye ba, wutar dankali ce. In kin janye a tsakiya, ta masara ce. In ba ki ko fara ba, ki jira, wannan wutar ba ta kowa ba ce.

Masarar farko da na gasa da hannuna, wani direban motar Yabo ya saye ta. Ya ciza, ya tsaya, ya miƙo mini ita ta tagar mota. Waje baƙi ƙirin, ciki ɗanye sharaf. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa ni na zauna na cinye ta tas a gaban mutanen tasha, har inda direban ya ciza. Da na gama ta ce, "Yanzu kin san abin da kika so ki ba ɗan mutane."

Doka guda ta kafa mini wadda ta fi sauran. Duk abin da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, dankali ne, makani ne, rogo ne, a yanka shi ɗanye a ɗora a harshe kafin ya ga wuta. Musamman rogo. Rogo iri biyu ne, kuma ido ba ya raba su. Akwai na ci, wanda muke dafawa mu ci da ƙuliƙuli. Akwai mai ɗaci, wanda mutanen kudu suke jiƙawa kwana da kwanaki, su matse, su shanya, su toya, kafin ya zama garin kwaki. Wannan na biyun in an gasa shi haka nan anka ci, yana juya kai, ya kawo amai, mai rauni kuma yana iya tafiya da shi. Wuta ba ta cire masa dafi. Harshe kaɗai ke gane shi, kuma sai yana ɗanye.

Da masara kaɗai na yi shekaru, har shekarar da ruwa ya ɗauke masara tana goyo. Wannan shekarar kara ya bushe a tsaye. Na zauna gaban kasko babu abin ɗorawa. Albasa ce kawai ba ta yanke ba, don ita ta fadama ce, ga ta nan zube ko'ina a Boɗinga. Wata rana don yunwar kaina na tura manya guda uku cikin toka mai zafi da ɓawonsu, na manta da su. Da na tono, ɓawon ya ƙone, ciki kuwa ya yi laushi ya yi zaƙi kamar an zuba zuma. Wani mai faci da ke kusa da ni ya ci guda, ya kira abokinsa. Daga nan na shiga gwada duk abin da ke kasuwa. Yalo sai an tsira masa tsinke, in ba haka ba ya fashe ya watsa wa mutum wuta a zane. Kabewa a yanka ta kaurin yatsa biyu, in ta fi haka siriri sai ta narke ta bi raga. Dankali ba ya son ganin harshen wuta, wurinsa gefen kasko cikin toka. Awara, da ta shigo garinmu daga baya, sai an danne ta da dutse ta zubar da ruwa, sannan a soke ta a sabon tsinke wanda bai taɓa nama ba. Man gyaɗa ba zubawa ake ba. Nakan ɗaure ɓawon masara in tsoma, in shafa sama sama. Yajina kuma ƙuliƙuli ne da citta da masoro da barkono kaɗan.

Da ruwa ya dawo ban bar waɗannan ba. Sannu a hankali wasu irin mutane sunka gano ni, waɗanda likita ya raba da nama da gishiri da kitse. Masu hawan jini, masu ciwon zuciya, tsofaffin da haƙori ya ƙare musu. Su nakan yi musu yaji daban, babu gishiri babu dunƙule, in matse musu lemun tsami a kai. Ta hanyarsu sunana ya kai Shagari, kuma ta nan aikin da zan ba ku labari ya same ni.

Akwai wani dattijo mai shanu a wani ƙauye bayan Shagari, Alhaji Buba. Ya kwanta asibiti a Sakkwato wata biyu da ciwon zuciya, har an fidda rai, Allah ya tashe shi. 'Ya'yansa sunka shirya walimar godiya. Gidan shanu ne, dole a kayar da sa. Shi kuwa an hana shi nama har abada. Sai ya ce ya ji, jama'a su ci namansu, amma duk dattijon da zai zauna a rumfarsa abin da zai ci shi za su ci, ba zai zauna yana kallon bakin tsaransa yana maiƙo ba. Uwargidansa Hajiya Inno ta aiko a kira ni. Saƙon ya ce in zo da kayana duka, ban da rogo. Rogo babban ɗansa Sahabi ya riga ya sayo buhu guda, don tsohon ya ce tun yana saurayi yana kai shanu kudu bai ƙara cin gasasshen rogo ba, shi yake marmari.

Ranar Alhamis ce. Na tashi da azumi kamar yadda na saba kowace Alhamis. Na ɗauki Kulu, maƙwabciyata, wadda muke zuwa irin wannan aiki tare shekara da shekaru. Tsarata ce, hannunta da sauri, bakinta kuma ba ya rabuwa da goro tun daga asuba. Munka hau mota da kasko biyu da buhun gawayi, munka isa da hantsi.

Anka ba mu wuri ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bayan gida, kusa da turken tumaki. Gaba kaɗan mahauta sun haƙa raminsu, sun jera tsire kewaye da wuta. Babbansu wani ne Ɗan'ige, na san shi a kasuwar Boɗinga. Da ya ga ina sauke kabewa da yalo ya riƙe ƙugu.

"Inna Dije, yau kiwon tsohhi kika zo? Ga ciyawa can bayan turke in kayanki sun kasa."

Na ce, "Kai dai ji da kitsenka. Shi ya kwantar da mai gidan wata biyu."

"Wallahi ko da wuƙa a wuya ba ni barin tsire in ci albasa."

"Naka lokacin na tahe. In ya zo ka san inda nike zama."

Mutanensa sunka yi dariya, kowa ya kama aikinsa.

Sahabi da kansa ya kawo buhun rogon ya zazzage. Mutum ne mai kamar shekara arba'in da biyar, mai tsabta, mai son a ce ya yi daidai. Rogon kuwa abin kallo. Manya, miƙaƙƙu, babu tabo ko guda. Ya ce wata babbar mota ce ta tsaya gyara a bakin titi, ya ga kayan ya roƙi direban ya sayar masa, don bai taɓa ganin irinsa a kasuwarmu ba. Ya faɗi haka yana jin daɗi. Su mutanen shanu ne. Sa in ya yi tari daga nesa sun san abin da ke damunsa, amma rogo a wurinsu rogo ne, babba ya fi ƙarami.

Na ɗauki guda na yanke kansa. Fari fat. Na kai shi kusa da baki, sai na tuna da azumina. Na san abin da malamai suke faɗi, cewa mai girki in ta ɗanɗana a kan harshe ta tofar azuminta na nan, sai dai ba a so. Wannan rashin son shi ya tsayar da hannuna. Na miƙa wa Kulu.

"Taɓa wanga ki ji mini."

Ta tura goron da ke bakinta gefe guda, ta lasa, ta ɗan gutsura, ta tofar.

"Lahiya lau shi ke."

"Babu ɗaci?"

"Ni ban ji komi ba."

Gaskiya ta faɗa. Ba ta ji komai ba. Bakin da ya wuni cikin ɗacin goro shekara talatin, wane ɗaci ne zai ba shi labari? Na san Kulu, na san goronta, ina kallon jan bakinta a lokacin. Amma rana tana hawa, wuta tana jira, na karɓi maganarta don ita nake so in ji.

Munka fere rogon duka ban da guda biyu da na mayar cikin buhu, munka watsa ɓawon bayan turke. Na tsaga shi gida huɗu huɗu, na cire jijiyar tsakiya, na jera a wuta mai sanyi. Ya gasu ya yi ja, ya tsage, ƙamshi ya tashi har mahauta suna waiwaye. Na shafa mai, na barbaɗa yaji da hannu sake, na matse lemu. Yajin nan da lemun nan su sunka rufe duk abin da harshen mai ci zai iya ji. Tun ba a gama ba wata mata ta fito daga cikin gida da ƙaramin kwano, ta ce Hajiya ta ce a sa wani abu. Kulu ta zuba mata. Ni ina can ina tono albasa, ban ko tambayi na wane ne ba.

Bayan an sauko daga azahar dattawa sunka cika rumfa a ƙofar gida, sun kai ashirin. Anka ɗauki manyan tire huɗu, kowanne rogo a tsakiya, masara da kabewa da awara a kewaye, an rufe da faifai. Al'adar wurin, abinci yana ajiye gaban mutane ba mai buɗewa sai liman ya gama addu'a an shafa. Daga inda nake ina jin muryarsa ya fara, jama'a suna amsawa da amin.

Sai Kulu ta taɓa ni.

"Dije, dubi tunkiyar can."

Wata farar tunkiya ce mai ciki, ta tsinke igiya tun da hantsi tana cin ɓawon da munka zubar. Tana tafiya kamar ƙasa na zame mata. Ta yi taku uku ta durƙusa da gaba. Numfashi sama sama, kumfa a baki, ƙafafun baya suna rawa. Ta tashi, ta sake faɗuwa, wannan karon a gefe.

Akwai sauran ɗanyen rogo guda biyu cikin buhu. Na yanka na ɗora a harshe. Ban ko gutsura ba. Ɗaci ya kama mini harshe har maƙogwaro, da wani kauri mai sa baki ya yi nauyi. Na tofar, na kurkure da ruwan wanke hannu, na miƙe.

Tsakanin bedin nan da rumfa bai fi taku sittin ba. Na bi ta gaban mahauta. Ɗan'ige ya buɗe baki zai yi wata maganar, ya ga fuskata ya fasa. Sahabi yana tsaye a bakin rumfa, hannuwa a sama yana amin. Na ja masa hannun riga, abin da ban taɓa yi wa namijin da ba nawa ba. Ya juyo.

"Inna, lahiya? Mata na cikin gida."

Na yi ƙasa da murya. "Rogon nan mai ɗaci ne. Kada kowa shi ci. A ɗauke shi yanzu."

"Wane irin ɗaci? Ni na sawo shi da hannuna."

"Tunkiyarku ta ci ɓawon, ga ta can kwance."

Ya dubi rumfa, ya dubi ni. Na ga abin da yake aunawa. Surukansa na ciki, hakimin yankin ya aiko wakili, ga abokan ubansa daga ƙauyuka. A ɗauke abinci daga gaban baƙo bayan an ajiye, a gidan da ake kayar da sa, magana ce da za a yi ta yi har jikoki.

Ya ce, "Ki bari a shafa. In an buɗe sai in bi a hankali in tsame rogon, in ce bai gasu ba."

"Hannu ashirin za ka riga?"

"Ki rage murya, Inna. Ana addu'a."

Liman ya riga ya wuce roƙon lafiya ga mai gida, ya wuce na damina, ya shiga yi wa iyaye da sunka rigaye mu. Duk wanda ya saba zama wurin addu'a ya san daga nan sai salati sai fatiha. Na ga wani tsoho a gefe ya riga ya matso da tire kusa da gwiwarsa.

Na tuɓe takalmina na shiga.

Ban taɓa taka tabarmar maza ba tun da aka haife ni, balle ana tsakiyar addu'a. Na bi ta tsakaninsu a duƙe, na ɗauki tire na farko, na ɗora na biyu a kansa. Amin ɗin ta fara raguwa, daga wannan gefe zuwa wancan, har ta mutu. Liman ya tsaya, hannuwansa a sama. Wani ya ce, "Wagga mata lahiyarta ƙalau?" Wani ya ce a fitar da ita. Tsohon da ya matso da tire ya riƙe bakin tiren da hannu biyu, na ja, ya ja.

Na ce, "Baba, saki. Guba ce."

Ya saki kamar ya taɓa garwashi.

Na tara huɗun a bakin rumfa, na dawo na durƙusa gaban Alhaji Buba. Yana zaune bisa kujera an sa masa matashi, siriri, rawani ya yi masa yawa.

"Allah shi ba ka yawan rai, Allah shi ƙara maka lahiya. Ku gafarce ni, malam, na katse addu'a. Rogon da na gasa ba na ci ba ne. Ina roƙo don Allah, in akwai wanda ya ɗaga faifai ya taɓa, shi faɗi yanzu."

Babu wanda ya amsa. Na fara sauke numfashi. Sai Alhaji ya yi gyaran murya.

"Su ba su ci ba. Ni na ci."

Ƙaramin kwanon nan nasa ne. Maganinsa na rana ba a shan sa da ciki wofi, Hajiya ta aika a samo masa abin da zai taɓa kafin ya fito. Na tambaye shi nawa. Ya ce tsagi uku, kuma da an ƙara da ya ci. Na tambaye shi abin da yake ji. Ya ce tun da ya zauna rumfar take ɗan juya masa, ya ɗauka zafin rana ne.

Wuri ya rikice. Wani ya ce a kawo nono, wani ya ce manja, wata tsohuwa daga cikin gida tana kiran a jiƙa kanwa. Sahabi ya tsaya kamar an dasa shi. Na ce masa, "Mota. Ka kai shi asibiti yanzu, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, mai ciwon zuciya ne." Na aika Kulu ta kawo ɗanyen rogon da na yanka, na sa masa a aljihu, na ce ya nuna musu ya gaya musu tsagi uku, tun kafin azahar. Anka ɗauki tsohon a hannu. Kafin motar ta fita daga ƙauyen mun hango ta tsaya, an buɗe ƙofa yana amai a gefen hanya, sannan ta wuce.

Na koma ƙarƙashin bedi. Tunkiyar ta riga ta mutu, ba a ko samu yanka ta ba. Na roƙi fartanya, ni da Kulu munka haƙa rami mai zurfi, munka zuba rogon duka, gasasshe da ɗanye da ɓawo, har da masara da awarar da sunka kwanta tare da shi a tire, munka rufe munka danne da dutse don kada kare ko akuya su tono.

Kulu ta ce, "Mu tattara mu tahi tun ba a dawo da labari ba."

Na ce ba inda za ni. Na wanke raga da toka, na zubar da wutar farko, na hura sabuwa. Akwai sauran dankali da albasa da masara, nawa na kaina da na zo da su daga Boɗinga. Na ci gaba da gashi. Ba wanda ya zo karɓa. Mata suna leƙowa ta katanga suna komawa. Dattawan rumfa ba su watse ba, ba su kuma ci komai ba, ko naman da anka kai musu daga baya ba su taɓa ba. Ɗan'ige ya aiko mini da ruwa a moɗa, na ce a gode masa, ina azumi. Hajiya Inno ba ta fito ba, ba ta aiko ba. Duk ƙarar mashin da ta taso daga hanya sai kowa ya ɗaga kai.

Anka yi la'asar. Inuwar bedi ta bar mu ta haye katanga. Abin da na gasa ya huce, na mayar gefen wuta, ya sake hucewa.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa motar ta dawo. Na ƙirga kawunan da ke ciki tun daga nesa, na ga rawani a kujerar baya, a zaune. An yi masa ƙarin ruwa da allura, sun so su riƙe shi ya kwana, ya ce ba zai kwana a gadon asibiti baƙinsa na zaune a ƙofar gidansa da yunwa ba. Sahabi da wani sunka riƙo shi har kujerarsa. Leɓɓansa sun bushe. Bai daɗe da zama ba ya ce a kira mai gashi.

Wannan karon a bakin tabarma na durƙusa.

Ya ce, "An ce mini laifin Sahabi ne, shi ya sawo abin da bai sani ba. Haka ne?"

Sahabi yana tsaye kansa a ƙasa. Jama'a duk sun yarda da haka, na ji ana ta faɗi tun da rana.

Na ce, "Allah shi ba ka yawan rai, shi ba sana'arsa ba ce. Tawa ce. Aikina ne in ɗanɗana kafin in gasa, ban ɗanɗana ba."

"Don mi?"

"Ina azumi. Na ba wata ta taɓa mini."

Ya dube ni. Ana jin shanu suna dawowa daga kiwo.

"Akwai sauran wani abu a wutarki?"

"Akwai dankali da albasa da masara. Nawa ne, daga gida na zo da su."

"Kawo."

Sahabi ya ce, "Baba, don Allah. A dama maka fura."

"Na ce ta kawo."

Na je na zaɓo, na jera a faifai, na kawo na ajiye a gabansa. Bai miƙa hannu ba. Ya nuna dankali guda da haɓarsa.

"Ke fara."

Liman ya ɗan matso. "Alhaji, ta ce azumi take. Saura kaɗan a kira salla, a jira mana."

"Na ji abin da ta ce. Ni ma da rana ban jira ba."

Na dubi rana. Tana bisa kan geron bayan gari, bai fi a yi alwala a dawo ba ta faɗi. Na ɗauki dankalin, na ɓare, tururi ya tashi. Na yi bisimilla na ci. Ya nuna albasa, na ɓare na ci. Ya nuna masara, na ɓantari gefe na tauna da sauran haƙoran da nake da su. Mutum ashirin suna kallon maƙogwarona har na haɗiye. Azumin na rama shi ranar Litinin.

Alhaji Buba ya gyara zama, ya ture hannun Sahabi daga kafaɗarsa, ya jawo faifan gabansa.

"Malam, ƙarasa muna addu'ar da anka katse. Ke kuma ɓare mini albasar can, mai ƙonannen gefe."